Kyaftin Ɗin da Bai Taɓa Riƙe Bindiga Ba

Ƙanina bai taɓa shiga soja ba. Ko bindigar harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba, makaminsa goshinsa ne da dunƙulen hannu, sai kuma duk abin da ya tarar a kusa. Amma duk Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, Kyaftin take ce masa, kuma shi ya tilasta mata, da duka. Sunan da ubanmu ya raɗa masa Romli ne. Ni ce babba, Bong yake ce mini, wato yaya, ni na goye shi, kuma a kafaɗata ya fara gwada haƙoransa.

Mu Cham ne, ƙabilar Musulmi ta ƙetaren kogi, ubanmu masunci. Romli ya ƙi kwalekwale tun yana ɗan mitsitsi, wai ƙarnin kifi na sa shi amai, alhali da kifin aka yi masa ƙashi. Da ya tasa sai ya tsallako birni ya kama tuƙa siklo, keken haya mai ƙafa uku, yana tura manyan mata kasuwa yana zaginsu a ciki saboda nauyi. Ni aure ne ya kawo ni birnin. Mijin bai daɗe ba ya rasu, na sayi gawayi na kama gasa tsire, don ban ga wanda zan zauna ina yi wa kuka ba.

A lokacin, inda Babban Filin ƙwallo yake yanzu fadama ce, sai wani ɗan tudu a gefe inda 'yan siklo ke buga ƙwallo da yamma ba takalmi. A nan nake kafa murhuna. Wata rana suka kara da 'yan dakon tashar jirgin ruwa. Cikin 'yan dakon akwai wani ƙato mai tsaron baya, duk sanda Romli ya zo wucewa sai ya toshe hanci ya ja sunan, Rooomli, ya tambaye shi nawa ake sayar da daddawar kifi yau a ƙauyensu. Sunan kaɗai ya isa a gane daga ina mutum ya fito, abin da ƙaton ke so ke nan. 'Yan kallo na ta dariya. Ina juya tsire ina kallon wuyan ƙanina, na ga jijiyar nan ta tashi, na fara tattara kwanukana.

Bai ma jira ƙwallon ta zo kusa ba. Ya tako a hankali ya kama kunnuwan ƙaton biyu ya sauke masa goshi a baki. Na ji ƙarar daga inda nake. Kafin ka ce me, 'yan dako sun tumɓuke gorar raga, 'yan siklo sun ciro sarƙoƙin kekunansu, wuri ya hautsine. Aka fasa wa wani ido, aka karya wa wani ƙafa har ƙashi ya leƙo, wani ya faɗa kan murhuna ya tashi da garwashi a baya. A tsakiyar wannan masifa ga Romli, jini ya rufe masa fuska, da guntun gora a hannu, yana ba da umarni, ku ku tare ta can, ku ku zagayo ta bakin ruwa. Suka kora 'yan dako cikin fadama har wuya. Wani tsoho da ya yi wa Faransawa aikin kuku yana tsugune yana kallo, ya tofar da goron bakinsa ya ce lallai yau ya ga kyaftin. A ranar 'yan siklo suka ba shi shugabancin ƙungiyar ƙwallonsu.

Su Faransawa rowar kalma gare su. Guda ɗaya suka ba soja da ɗan ƙwallo suka ce su raba. Wa ya damu a lokacin?

Daga ranar Romli ya binne sunansa. Dokarsa mai sauƙi ce: wanda ya kira shi Romli sau ɗaya a yi masa gargaɗi, na biyu kuwa sai dai a kwashe shi. Wani wanzami a bakin kasuwa ya manta, ya ƙare rayuwarsa da karkataccen hanci. Wani ɗan sanda ya karanto sunan daga takardar siklo da ƙarfi, aka kwana ana neman hularsa a kwata, Romli kuma ya yi wata guda a ɗaure ya fito da haƙori biyu babu, yana murmushi. Uwarmu ta gaji ta koma ce masa kai. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta haɗa kayanta ta tafi, kuma har a bakin ƙofa Kyaftin ta ce masa da take tsine masa. Ni kaɗai na ƙi. A gida Romli nake cewa, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu har sai na jefe shi da ludayi. A waje dai ina kama bakina, don na san halin kayana. A hankali waɗanda suka san sunan suka mutu ko suka watse, sababbin zuwa kuwa ba su taɓa jin sa ba.

Sai gwamnati ta ce a fadamar nan za a gina filin ƙwallon ƙasa, don ana sa ran baƙi daga ƙasashe. Aka kori 'yan siklo daga tudunsu. Romli ya sayar da kekensa ya shiga lebura, wai tun da an ƙwace masa fili zai bi shi ya ga inda za a kai shi. Aikin na gaggawa ne. Ana haƙa ramuka a kewaye, ana kwashe ƙasar da amalanken shanu da kwanduna a ka, ana tara ta tudu-tudu inda za a ɗora matakalan zama. Da damina ma ba a tsaya ba. Wata safiya bangon wani rami ya zubo kan mutane. Shugaban lebura, wani mai bulalar kara, ya ce kowa ya koma aiki, za a tono su in an tashi. Romli ya shimfiɗa masa bayan shebur a kunne, mutumin ya kwanta, sannan Romli ya dira ramin yana tono da hannu. Biyu sun riga sun cika, bakinsu cike da laka. Na ukun ya fito da rai. Wani siririn ɗan ƙauye ne mai bin addinin Buddha, sunansa Chhun. Da ya farfaɗo ya tambayi wa ya ciro shi, aka ce masa Kyaftin. Tun daga nan bai ƙara rabuwa da shi ba.

Wasannin da aka kashe mutane ana gaggawa dominsu ma ba a yi su ba. Amma fili ya tsaya, kuma wallahi ya yi kyau. Aka ɗauki Chhun yankan ciyawa, aka ɗauki Romli zana layi da farar ƙasa, ina jin don an ga ba zai tafi ba ko an kore shi. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a ciki ba. Duk da haka, ranar babban wasa, in ya fito da bokitinsa kafin 'yan wasa, sai ka ji matakalai sun ɗauka, Kyaftin, Kyaftin, ana buga ƙafa. Rabi tsokana ce, ya sani, amma sai ya ɗaga burushi sama kamar shi ya ci kofin. 'Yan wasan ƙasa kansu sukan sara masa, shi kuma ya zage su tas in sun yi sake a baya. Ni ina ƙofar yamma da murhuna, hayaƙi na shiga mini ido, ina jin sunan na tashi daga ciki. Ina jin haushin sunan, amma ina jin daɗi, kai har da ƙwalla wani lokaci.

Shi da Chhun kwano ɗaya suke ci a ƙarƙashin matakala. Chhun ya daina kawo naman alade saboda shi. Shi kuma ranar bikin matattu yakan tura Chhun a keken aro har ƙofar gidan ibadarsu, ya tsaya a waje yana shan taba yana yi wa malamansu masu jajayen mayafai tsiya a hankali.

Sai yaƙi ya zo. Ƙauyuka suka kwararo birni, aka cika matakalai da tabarmi da tukwane da yara masu zawo. Ƙwallo ta mutu. 'Yan tawayen daji suka matso har suna jefo rokoki cikin gari ba ji ba gani. Ɗaya ta sauka a ƙofar yamma da hantsi, ta ɗauke mai matsar rake da muke hira da ita kullum. Na tsinci hannunta a kan tirena, da awarwaronta. Zauren da ake wasan ƙwallon kwando ya zama asibiti, likitoci na yanka mutane a kan tebur ba allurar barci. Romli da Chhun ke ɗauko masu rauni daga jirgi mai saukar ungulu da ke sauka a tsakiyar fili, su ne kuma ke fita da kwandon ƙafafuwan da aka yanke su binne a bakin rami. Duk da wannan, ɗan banzan nan bai daina zana layinsa ba. Ba wasa, ba 'yan kallo, amma in 'yar gudun hijira ta kafa murhu a da'irar tsakiya sai ya yi ƙwallo da tukunyar.

A nan sunan ya fara cizonsa. Wata rana an sauke masu rauni, mutane na ta kira, Kyaftin zo nan, Kyaftin kama can. Akwai wani kyaftin na gaske a wurin, na sojan gwamnati, da tabarau da tumbi. Sau biyu yana juyowa yana zaton shi ake kira. Da ya gane wani mai gajeren wando da farar ƙasa a gwiwa ake nufi, sai ya sa aka kawo shi, ya tambaye shi wa ya ba shi muƙami. Romli ya ce wanda ya ba ni nawa ya gan ni ina faɗa, ban san naka ba. Sojoji suka kwantar da shi a kan ciyawa suka bi shi da gindin bindiga. Chhun ya faɗa kansa don ya kare shi, aka haɗa da shi. Suka bar Romli yana fitsarin jini, haƙarƙari uku a karye.

A ɗakina na yi jinyarsa. Ina gasa masa jiki da ruwan zafi, raina a ɓace, na ce, "Romli, ka ajiye sunan nan. Na cikin gari sun karya ka a kansa, na daji kuwa an ce ko kofur ba sa bari da rai."

Ya ce, "Bong, in na ajiye shi wa zan zama? Mai bokiti?"

Na ce masa eh, mai bokiti, me mai bokiti ya rasa? Ya juya fuska bango. Na danna masa tsumman a kan karayar da gangan har ya yi ƙara, kuma ban yi nadama ba.

'Yan dajin suka shigo gari a watan zafi, bayan sabuwar shekarar ƙasarmu da kaɗan. Baƙaƙen kaya, takalman taya, ba dariya ba magana. Da hantsi suka fara korar mutane daga gidaje, har marasa lafiya a kan gadajen asibiti. Mu da muke cikin fili suka rufe mana ƙofofi. Maza aka zaunar da su layi-layi a kan ciyawa, mata da yara a kan matakalai. Ina can sama, ina hango ƙeyar Romli da ta Chhun kusa da juna.

Shugabansu wani mutum ne mai furfura kaɗan, da mayafi a wuya, da murya mai laushi kamar malamin makaranta. A bakinsa kowa aboki ne. Ya ɗauki lasifika ya ce yaƙi ya ƙare, Ƙungiya na bukatar masu ilmin soja don a gyara ƙasa, duk mai muƙami ya miƙe. Wasu suka miƙe, har da masu gyara kwalar riga. Ya yi musu godiya. Sannan ya ce ba daidai ba ne a raba mutum da iyalinsa, matansu da 'ya'yansu da 'yan uwansu su sauko su bi su. Suka sauko, wata da jariri a hannu, wata tsohuwa ana riƙe da ita. Aka zagaya da su bayan ragar kudu, bakin ramin ruwa. Daga saman matakala ana ganin komai. Ba su ɓata harsashi ba. Durƙusar da su aka yi, aka bi su da ƙotar fartanya a ƙeya ɗaya bayan ɗaya, manya da yara. Matar da ke kusa da ni ta cusa wa 'yarta fuska a cinya ta toshe mata kunnuwa.

Bayan wannan ba wanda ya ƙara miƙewa. Mai lasifikar bai yi fushi ba. Ya ajiye ta ya fara bin layi da ƙafa, samarinsa na biye. Ba ya tambayar mutum kansa, na kusa da shi yake tambaya, sunan wannan da sana'arsa. In amsa ta fito santsi ya wuce. In ta yi gargada a fitar da su biyun.

A kan ciyawar nan akwai ɗaruruwan mutane da suka san ƙanina, kuma da yawansu sun sha hannunsa. Kalma ɗaya, Kyaftin, ta isa. Ga wanzamin nan mai karkataccen hanci a layin gaba, ga waɗanda ya zubar wa matansu da tukwane. Wallahi ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Har gobe ina yi musu addu'a.

Ya iso kan Chhun. Na riga na fara saukowa a hankali, ina raɓawa tsakanin mata, har na kai inda nake jin magana.

"Aboki, wannan na kusa da kai, ya sunansa?"

Chhun ya buɗe baki. Na ga leɓɓansa sun haɗu za su fitar da abin da suka saba, sai ya haɗiye. Ya sake buɗewa, ba komai. Shekara goma da ɗoriya suna cin kwano ɗaya, bai taɓa jin wani suna ba, kuma bai taɓa tunanin akwai wani ba. Da ɗan birni ne da ya ƙirƙiro ko wane iri ya jefa, wa zai bincika? Amma Chhun mutumin ƙauye ne, ƙarya ba ta zo masa da sauri. Ya ce mai zana layi ne, tare suke aiki. Mutumin ya ce suna ya tambaya.

Romli ya ce, "Sunana Romli."

Rabon da in ji kalmar nan daga bakinsa tun muna ƙetaren kogi. Mutumin ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ba shi aka tambaya ba, kuma abin mamaki ne a ce abokin aikinka bai san sunanka ba, sai dai in sunan yau aka haife shi. Ya juya ga layin ya tambaya ko akwai wanda ya san wannan da Romli. A layin nan ba wanda ya san shi da shi, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin rantsuwa a kan abin da bai sani ba bayan abin da aka gani a bakin rami.

Suka ja Chhun gaba. Mutumin ya ce wanda ke ɓoye suna babban kifi yake ɓoyewa. Aka shimfiɗa hannun Chhun a ƙasa aka daka yatsun da gindin bindiga, ɗaya bayan ɗaya, ana tambayarsa. Aka buga masa a kunne, jini ya fito ta ɗayan. Yana kuka yana cewa bai sani ba, kuma gaskiya yake faɗa, amma kalmar da ya sani bai sake ta ba. Sai aka durƙusar da shi, wani saurayi ya zo da fartanya ya tsaya a bayansa ya gyara tsayuwa.

Romli ya miƙe.

"Ku bar shi. Bai sani ba don ba mai kirana da shi. Kyaftin suke ce mini."

Mutumin ya yi murmushi, ya ce yanzu aka fara magana. Romli ya shiga bayani, na ƙwallo ne, ƙwallon ƙafa, ƙungiyar 'yan siklo, tun kafin a gina wurin nan. Samarin suka kalli juna. Yaran daji ne, tun suna ƙanana aka ba su bindiga, ina jin wasunsu ba su san abin da ake yi da fili irin wannan ba. Mutumin ya tambaye shi mutum nawa ne a ƙarƙashinsa. Ya ce goma, shi na sha ɗaya. Ya tambaye shi aikinsa a cikinsu. Romli, da bakinsa, ya ce shi ke tsara masu kai hari da masu tsaron baya. Yana faɗa na ga ya ji abin da ya faɗa. Mutumin ya gyaɗa kai ya ce ya gode da gaskiyar da aboki ya faɗa.

Ban san sanda na tsallake shingen ba. Na faɗi na tashi, zanina na neman kwancewa, ina gudu a kan ciyawa ina ihu cewa ƙarya ne, sunansa Romli, ɗan masunci ne, bai taɓa zama soja ba, ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wani ya tare ni da bakin bindiga a ƙirji. Mutumin ya ɗaga hannu a bar ni. Ya dube ni da fara'a, sannan ya dubi Romli ya tambaye shi ko 'yar uwarsa ce, don in haka ne ai bai kamata a raba su ba.

Romli ya dube ni daga sama har ƙasa. Idon nan da na sani tun yana cikin tsumma, ba komai a cikinsa. Ya tofar da yawu.

"Mai tsire ce a ƙofar yamma. Tun da roka ta faɗa kusa da ita kanta ya taɓu, kowa ƙaninta ne." Sannan ya ce da ni, "Ming, koma wurin tsirenki."

Ming. Abin da 'yan kallo ke ce wa kowace mai talla ke nan in ba su san ta ba. Na ce ni kake ce wa Ming, don ubanka? Na zage shi, na zagi ranar da aka haife shi, na yi kansa zan shaƙe shi. Samarin suka fashe da dariya, dariyarsu ta farko a ranar. Zagin ne ya gamsar da su cewa mahaukaciya ce. Wani ya hankaɗa ni na faɗi, wasu mata biyu suka zo suka ja ni, ɗaya ta toshe mini baki da mayafinta har na cije ta.

Bai tafi salin-alin ba, wannan kam. Da suka zo ɗaure masa hannu ya sauke wa na farko goshi a hanci, ya kama fartanyar na biyu suka yi ta kokawa, ya ciji kunnen na uku ya tofar. Sai da suka taru a kansa. Ba su ma kai shi bakin ramin ba, a gefen fili suka gama da shi, kuma sun daɗe suna yi. Ban rufe ido ba, na ga duka. A cikin hargitsin aka manta da Chhun a kwance. Da la'asar aka buɗe ƙofofi aka kora mu hanyar ƙauye da sauran mutanen gari.

Abin da na gani a shekarun da suka biyo ba na wannan labarin ba ne. Na rayu, shi ke nan. Na dawo birni ba kowa nawa, na sake sayen gawayi, na koma ƙofar yamma, don ban iya komai ba sai wannan. Aka share fili, aka cike wasu ramukan, aka dawo da ƙwallo. Wani yaro ne ke zana layi da ɗan keke mai taya, layin a karkace.

Wata rana da rana tsaka, ana gab da bikin matattu, wani tsoho ya tsaya a gaban murhuna bai sayi komai ba. Na ɗaga kai zan kore shi sai na ga hannun, yatsun a murɗe kamar citta. Chhun ne. Na ɗauka zan rungume shi, sai na ji ina neman abin da zan kwaɗa masa. Na ce masa duk sunayen da ke duniya, ko na karen gidanku ba ka iya faɗa ba? Ya tsaya ya sha zagin, kansa a ƙasa, yana juyo mini da kunnen da ya rage masa.

Da na gaji ya ce abu ɗaya ya kawo shi. Duk shekara in ya kai shinkafa gidan ibada, masu jajayen mayafai kan tambayi sunayen matattunsa don su ambata a addu'a. Yakan ba da na uwarsa da na matarsa da na 'ya'yansa, in ya zo kan mutum ɗaya sai ya tsaya. Wancan sunan ba zai ƙara fita daga bakinsa ba har ya mutu. Na gaskiyar kuwa an faɗe shi a gabansa ranar, ya sani, amma tsoro da duka sun hana shi riƙewa. Ya ce ya san ba addininmu ɗaya ba, in na hana shi ba zai ji haushi ba.

Na ajiye mafici. Na kama kunnen nasa mai ji na faɗa masa a ciki. Ya ce Rumli. Na ce ba haka ba, buɗe bakinka. Ya ce Romli. Tsirena na ƙonewa, mutane na jira, na ce ya ƙara faɗa.